Sifanar filtar baƙin mai: ta kwancewa daban, ta ɗaurewa daban

Masu sayar da kayan kanikanci suna da sifana aƙalla iri biyar da duk suke kira sifanar filta: mai ɗamara, mai sarƙa, mai farce uku, filaya mai faɗin baki, sai kuma kofi. A jikin kwalin kowacce za ka ga an zana filta, wani lokaci har da rubutun cewa babu motar da ba ta shiga. Abin da kwalin ba ya faɗa shi ne, huɗu daga cikin biyar ɗin nan na kwancewa ne kawai. Duk wanda ya ɗaure sabuwar filta da su, da kuɗinsa ya sayo yoyo. Kofi kaɗai ya cancanci hawa kan sabuwar filta, shi ma ba kowane kofi ba, kuma ba don a nuna ƙarfi ba.

Sai an san abin da ke riƙe mai a wurin kafin a gane dalili. Filtar gwangwani, wadda ake murɗa ta ɗungurungum a jikin inji, tana da farantin ƙarfe mai kauri a gindinta. Tsakiyar farantin rami ne mai tiredi, kewaye da shi ƙananan huji, sannan zoben roba ya zagaye su duka. Famfon mai yana turo baƙin mai ta ƙananan hujin nan, man ya ratsa takardar tacewa, ya fita ta ramin tsakiya ya nufi karanshaf da sauran sassan inji. Tiredin ba ya tare ko ɗigo ɗaya. Aikinsa ya jawo filtar ta danne robar a kan fuskar inji, robar ce ke gadin mai.

Kuma gadin ba ƙarami ba ne. Injin da ya yi zafi, in yana silo, matsin mansa yakan tsaya wajen bar 1 zuwa 2. A kan hanya yakan kai bar 3 zuwa 5, da sanyin safiya kuwa, lokacin da man ke da kauri, ya fi haka. Ɗauki zoben da faɗin cikinsa ya kai milimita 62, irin na motoci da yawa. Filin da ya kewaye ya kai murabba'in santimita 30. A matsin bar 4, kamar nauyin kilo 120 ne ke ta ƙoƙarin ture filtar daga mazauninta, yana sassautawa yana dawowa duk lokacin da aka taka totur aka ɗaga ƙafa, ga zafin mai da ke kai digiri 90 zuwa 110, ga girgizar inji.

Da jin haka sai mutum ya ce to ai gara a ɗaure tamau. Nan ne ake yin kuskuren. Tiredi iri biyu ne suka fi yawa a ƙananan motoci. Akwai mai inci 3/4 da haƙora 16 a kowane inci, irin na yawancin injinan Toyota, akwai kuma M20, wato mai faɗin milimita 20 da tazarar milimita 1.5 tsakanin haƙora, irin na Honda da Nissan da Mazda da Subaru da Hyundai. A na farkon, zagaye ɗaya cikakke yana matso da filta milimita 1.6 ba kaɗan, a na biyun milimita 1.5. Abin da aka rubuta a jikin yawancin filtoci shi ne: murɗa har robar ta taɓa inji, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Wannan ƙarin yana danne robar da milimita ɗaya da ɗan wani abu, kuma daidai gwargwadon abin da aka ƙera ta ta ɗauka ke nan. Ta dannu, amma tana da sauran rai da za ta riƙa turowa tana cike wurin in ƙarfe ya buɗe da zafi ko ya tsuke da sanyi. In aka zarce, sai robar ta baje, ko ta tsage, ko ta zame daga kwarminta. Garin neman ƙiba an samo rama.

Hannu ya isa ya yi wannan ƙarin, muddin busasshe ne kuma gwangwanin ba ya santsi. Shi ya sa kayan ɗaure filtar gwangwani da ya fi kowanne kyau ba na sayarwa ba ne. Wasu kamfanonin ma sun gina kayansu a kan haka: FRAM tana shafa wani abu mai kaushi a kan gwangwanin don hannu ya kama, Honda kuma takan buga lambobi ko alamomi a kewayen filtarta don a ƙirga juyin da ido. In babu alama, alƙalamin maka ya wadatar. Robar na taɓa inji sai ka ja layi a ƙasan gwangwanin, ka bi layin da ido har ya yi tafiyar da hannun agogo ke yi daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 9. Manyan filtocin dizal sukan nemi zagaye ɗaya cur, wasu filtocin rabin zagaye ko kashi biyu cikin uku, don haka abin da ke rubuce a jikin wadda ke hannunka shi ne hukunci.

To ina amfanin sifanonin?

Mai ɗamara iri biyu ce, ta ƙarfe da ta ƙyalle ko roba. Ta ƙarfen wani siririn bel ne da ke tsukewa in an ja mariƙin. Tana aiki sosai in girmanta ya dace da filtar kuma akwai sararin da mariƙin zai yi lilo, abin da injinan yanzu ba su cika bayarwa ba. Aibinta biyu. Tana zamewa in gwangwani ya jiƙe da mai, kuma in aka kama da ita a tsakiyar gwangwanin, inda ƙarfen ya fi laushi, sai ta lotsa shi. Daidai shi ne a kama kusa da gindi, inda farantin ke tokare da bango, ko can ƙarshen kai. Ta ƙyallen, wadda ake naɗe ta da soket, ta fi tausayin fenti kuma tana shiga lungu, sai dai in ta sha mai sau biyu uku ta zama abin haushi har sai an wanke ta. A cikin kayan da ake cewa suna shiga kowace mota, mai ɗamarar ƙyalle ce ta fi kusa da cika alkawari.

Mai sarƙa ba ta zamewa, wannan gaskiya ne. Tana cizon gwangwani ta bar masa tabo, a ƙaramar filta ma takan huda shi. Wurinta manyan motoci da injinan dizal masu filta kamar tulu. Mai ƙaramar mota ba ya buƙatarta.

Mai farce uku ita ce ta fi ruɗin mai saye, don wayonta a fili yake: ana ɗora ta a kan filta, a sa racet, ana juyawa faratan na ƙara tsukewa. Ga filtar da ke can cikin rami, wadda ba a isa gare ta sai ta kai, tana fid da mutum kunya. Amma dubi yadda take kamawa. Duk ƙarfin yana taruwa a wuri uku ƙanana, kuma iya taurin filtar iya zurfin da faratan za su nutse. Wasu an ƙera su suna kamawa ta kowane ɓangare, hagu da dama, ana tallata hakan a matsayin falala, wai tana kwancewa tana ɗaurewa. Wannan falalar ita ce haɗarinta. Lotsawar da farce ya yi wa sabon gwangwani ba ado kawai ta ɓata ba. Matsin mai yana hawa yana sauka dubban sau, bangon gwangwanin yana numfashi da shi, kuma daidai bakin lotsawar nan ƙarfe ke gajiya har ya yi tsaga siririya kamar gashi. Ba ranar ake ganin yoyon ba, sai bayan makonni, lokacin da kowa ya manta da wanda ya yi juyen. Masu ƙera filta da kansu suna gargaɗin kada a ɗaura wadda ta lotsa, ko da faɗuwa ta yi daga kan tebur. In za ka sayi mai farce, duba haƙoran da ke juya faratan: na masu araha sukan yi tsalle in aiki ya yi tauri, kuma masu rigar roba a farce sun fi kama gwangwani mai santsi.

Filaya mai faɗin baki ba ta da wani asiri. Tana murƙushe filta ta fito da ita. Ga tsohuwar da za a jefar, ba laifi, in akwai wurin buɗe hannu.

Saura kofi, wanda shi ya kamata a daɗe a kansa. Ƙarshen yawancin filtoci ba zagayayye ba ne sumul, an yi masa kusurwoyi a kewaye. Kofi hula ce ta ƙarfe da aka yi wa cikinta kusurwoyi daidai da waɗannan, a bayanta kuma ramin racet mai inci 3/8 ko kan noti. Da yake yana kama dukkan kusurwoyin lokaci guda, ƙarfin yana rarrabuwa, ba ya lotsa komai. Ga shi ba ya neman fili a gefe, ta kai yake shiga. Kuma shi kaɗai ne ya dace a haɗa da sifanar awon ɗauri.

Sharaɗinsa ɗaya ne, ya zama girman filtarka daidai, kuma girman lamba biyu ne: faɗi da yawan kusurwa. Milimita 64 ko 65 mai kusurwa 14 shi ne na ƙananan filtocin Toyota da Honda da Nissan. Akwai 74 mai 14 da ke hawa murfin filtar Mercedes da yawa, akwai 76 mai 14, akwai 86 mai 16 na BMW da wasu Volvo, akwai masu kusurwa 12 da 15. Kofi mai kusurwa 15 ba zai zauna a kan filta mai 14 ba ko da faɗinsu ɗaya. Wani abin da ke ba masu saye mamaki shi ne, kofin filta yake bi, ba mota ba. Filta biyu na kamfani daban-daban, duk na inji ɗaya, suna iya bambanta a faɗi da kusurwa. Saboda haka wanda yake canza kamfanin filta a kowane juye zai tara kofuna. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tsaya a kan filta iri ɗaya, ka gwada kofin a kanta kafin ka biya. Ya shiga da ɗan tauri, in ka girgiza kada ya yi ƙwal-ƙwal.

Abin da aka yi kofin da shi ma magana ce. Na filastik yana buɗewa in filta ta yi gardama, ya zagaye kusurwoyin ya bar ka da aiki biyu. Na fallen ƙarfe da aka buga a inji ya fi shi, amma raunin sa yana wurin da aka yi waldar ramin racet, nan yake ɓallewa, kuma bakinsa yakan buɗe da daɗewa. Wanda aka zuba da alminiyam mai kauri, ko aka sassaƙa daga ƙarfe, shi ne na saye. Aibinsa ɗaya: yakan maƙale a kan tsohuwar filta bayan an kwance. Maganin shi ne, da zarar filtar ta motsa, ka ɗan mayar da racet baya kaɗan kofin ya saki, ka zare shi, ka ƙarasa da hannu. Akwatin nan mai kofuna ashirin ko talatin na gareji ne da ke karɓar mota iri-iri. Mai mota ɗaya da ya saye shi zai yi amfani da guda, sauran su yi tsatsa, kuma sau da yawa ingancin kowane ɗaya a cikin akwatin bai kai na wanda ake sayarwa shi kaɗai ba.

Yaushe ake ɗaure filtar gwangwani da kofi? Idan wurin ya matse har hannu ba zai iya ba ta juyin da ake so ba. A nan ma juyin ake ƙirgawa, ko a bi awon da littafin motar ya bayar. Awon ƙarami ne ƙwarai: injinan Honda da yawa Nm 12 suke nema (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), na Toyota da yawa wajen Nm 18. Kwatanta da notin taya da ke shan sama da Nm 100. Da racet mai tsawon taƙi ɗaya, yatsu biyu sun isa su kai Nm 12. Filtocin asali na Toyota da Honda kuma robarsu zagayayya ce, an yi ta yadda in ta dannu daidai, bakin gwangwanin zai je ya tsaya a jikin inji. Za ka ji juyin ya tsaya cak. Duk abin da aka ƙara bayan nan ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Haka notin da kamfanin K&N ke liƙawa a kan wasu filtocinta, mai inci ɗaya a na motoci: an sa shi ne don sauƙin kwancewa, amma ganin noti sai hannun bakanike ya yi ƙaiƙayi.

Inda kofi ya zama dole shi ne filtar takarda, wadda ba ta da gwangwani, ana buɗe murfi a zare tsohuwar takarda a zura sabuwa. Motocin Turai sun daɗe da komawa kanta, Toyota ma ta sa ta a injina da yawa. Yadda take tare mai ya sha bamban da na gwangwani, kuma rashin sanin bambancin ya fasa murafe ba adadi. A nan zoben robar yana zaune ne a kwarmin da ke kewaye da murfin, yana shiga cikin gidan filtar ya matsu ta gefe, tsakanin bangon murfi da bangon gida. Da zarar murfin ya shige har kafaɗarsa ta zauna, zoben ya gama aikinsa. Ƙarin ɗauri ba ya ƙara masa matsi ko kaɗan, murfin kawai yake wahalarwa. Awon da ya fi yawa shi ne Nm 25, kuma galibi a rubuce yake a kan murfin. Murfin kuwa sau da yawa filastik ne da ya sha zafi shekara da shekaru. In aka matsa masa, ko dai ya tsage a gindin tiredi, ko ya kafe yadda a juye na gaba sai an fasa shi.

Wasu murafen kan noti gare su, soket ne ke kama su: milimita 27 a Peugeot da yawa, 32 ko 36 a Volkswagen da wasunsu. A nemi soket mai kusurwa shida, gajere, don mai kusurwa goma sha biyu yana cinye kan filastik. Na Toyota kofi yake so, mai milimita 64 da ɗoriya da kusurwa 14. Kofin gwangwani mai 65 yakan hau shi, amma da sako-sako, kuma shi ne ke zamewa ya gwigwiye murfin. Akwai kofunan da aka yi wa tsagi a baki don su kama 'yan kunnuwan da ke jikin murfin. In tsagin ya zauna daidai, riƙon ya fi ƙarfi. In kofin bai shige har ƙasa ba aka ja, kunnen ne ke karyewa, wani lokaci ya tafi da ɓangaren bangon murfin. A wasu injinan, kamar V6 ɗin Toyota mai lita 3.5, akwai ƙaramin noti a ƙasan murfin da nasa ɗan zoben, na tsiyaye man da ke ciki kafin a buɗe. Shi Nm 13 ne kacal. In aka ɗaure shi fiye da murfin, ranar kwancewa sai su fito tare, man ya wanke wa mutum hannu har gwiwa.

Zoben murfin nan yana zuwa sabo a cikin kwalin filta, kuma canza shi ba zaɓi ba ne. A cire tsohon da yatsa ko da tsinken filastik, don sukudireba tana karce kwarmin, kuma karce ɗaya hanya ce ta mai. A shafa wa sabon mai, a tabbatar bai murɗe ba, a kuma tabbatar ya faɗa kwarminsa na gaskiya. Wasu murafen suna da wani lungu kusa da kafaɗa mai kama da kwarmi, in zoben ya zauna a can, murfin zai ɗauru lafiya lau, inji na tashi mai ya ɓalle.

Wannan ya kawo mu ga sifanar awon ɗauri, mai yin ƙas in an kai awon da aka saita. Tana da amfani, amma ba kowacce ba. Irin wannan sifana ba a dogara da ita a ƙasa da kashi 20 cikin 100 na iyakar awonta. Babbar da ake ɗaure taya da ita, mai kaiwa Nm 200, ba ta san Nm 25 ba. Ko dai ba za ta yi ƙara ba sam, ko ta yi a hankali yadda ba za a ji ba, mutum yana ta ja yana jiran ƙas har murfi ya ce ƙas ɗin. Wadda ta dace ita ce ƙarama mai bakin inci 3/8, mai awo daga wajen Nm 10 zuwa 60. Ita ɗin za ta kuma ɗaure notin juye na kaskon mai, wanda a Toyota da Honda da yawa yake wajen Nm 40 tare da sabon washa, wato zoben da ke ƙarƙashin notin. A ja ta a hankali daga mariƙi, ƙas ɗaya a tsaya, in an gama a mayar da ita ƙaramin awonta don kada sifirin ɗin ciki ya gaji. Ba a kwance abu da ita. Bindigar iska kuwa ko ta batir, ba ta da hurumi a kusa da filta ko wace iri.

Akwai yoyon da babu sifanar da za ta hana, kuma shi ya fi kashe inji. Na gaba-gaba shi ne roba biyu. Tsohuwar robar takan manne a fuskar inji ta ƙi bin filtarta, ga ta baƙa wurin kuma baƙi, sai a ɗora sabuwa a kanta. Hannu zai ji ɗauri daidai, a silo ma wataƙila ba za a ga komai ba. Amma robar da ke tsakiya ba ta da kwarmin da zai riƙe ta, matsi na hawa sai ta fice ta gefe. Inji lita 4 zuwa 5 yake ɗauka, famfo kuma yana tura lita da yawa a minti ɗaya, don haka kafin direba ya ankara kaskon ya bushe. Fitilar mai ba za ta cece shi ba, don ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da rabin bar, lokacin metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, sun riga sun fara cin kansu. Abin da ke hana wannan duka daƙiƙa biyar ne: juya tsohuwar filta ka ga robarta na jikinta, sannan ka goge fuskar inji da tsumma mai tsabta har ka ga ƙarfe yana ƙyalli.

Na biyu tiredin da ba nasa ba. Inci 3/4 milimita 19.05 ne, wato bai kai M20 ba da ƙasa da milimita ɗaya, tazarar haƙoransu ma kusan ɗaya ce. Saboda haka filtar M20 tana hawa kan bututun inci 3/4, ta murɗu, har ta yi kamar ta ɗauru, alhali bakin haƙoran kawai ta kama. Wancan nauyin kilo 120 yana iya fizge ta a kan hanya. Alamar ita ce filtar tana rawa a kan bututun tun tana shiga. A sayi filta da lambarta, kada a saye ta da ido don ta yi kama da tsohuwar. Ko tiredi ya dace, faɗin robar ma sai ya dace da fuskar da za ta zauna.

Na uku busasshiyar roba. In ba a shafa mata mai ba, maimakon ta zame a kan ƙarfe sai ta cije, ta tattare ko ta yage, kuma hannu zai ji tauri tun ba ta dannu ba. Ɗigon sabon mai a yatsa, a zagaye ta sau ɗaya, ya isa. Filtocin asali na Toyota sukan zo da leda a baki da maiƙo a jikin robar, a tuna a ɓare ledar. Farkon murɗawa kuma kullum da yatsu ake yi. Filtar da ta hau daidai tana juyawa sakayau har robar ta taɓa. In ta yi tauri a zagaye na farko, ta hau a karkace, a dawo da ita a sake.

Ɗaurin ganganci yana da wani sharrin da ba ya bayyana sai ranar kwancewa. Bututun da filta ke hawa shi ma murɗa shi aka yi a jikin inji, kuma a motoci masu na'urar sanyaya mai a ƙarƙashin filta, shi ne ke danne na'urar da robarta. Filtar da ta kafe takan kwanto bututun tare da ita. A sa sabuwa daidai wa daida, mai ya ci gaba da ɗiga, a yi ta zargin filta ana ƙara mata ɗauri, alhali yoyon daga bayanta yake. In bututun ya motsa, sai an mayar da shi da nasa awon kafin filta ta hau.

Dabarar soka sukudireba a cikin filtar da ta ƙi fita a murɗa, a bar ta ta zama ta ƙarshe. Gwangwanin siriri ne, yakan yage ya bar farantin a manne, ga kaifi ko'ina. Kafin a kai can, a wanke man da ke jikin gwangwanin, a naɗa takardar yashi a ƙarƙashin ɗamara ko a cikin kofi don ya ƙara kamu, a kuma yi aikin inji na da ɗumi. Ana kwancewa ne ta hagu, saɓanin tafiyar agogo, in kana fuskantar kan filtar. Wanda ya miƙo hannu daga sama zuwa filtar da ke kallon ƙasa yakan rikice ya yi ta ƙara ɗaurewa.

Bayan an zuba mai, a goge filtar da kewayenta ƙal, don man da ya zuba wajen kwancewa yakan kwanta a lungu ya yi kwanaki yana ɗiga kamar yoyo. A tayar da inji ba tare da taka totur ba. Fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan, in ta wuce goma tana ci a kashe. A bar shi yana silo minti biyu zuwa uku, a haska gindin filtar da tocila, a ɗan ba shi wuta zuwa juyi 2,000 ko 2,500 a minti a sake dubawa, sannan a zagaya bakin robar da farar takarda ko tsumma. In za a shiga ƙarƙashi, motar ta zauna a kan tsayayyun ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba. A kashe, a jira minti biyar, a duba geji, don sabuwar filta ta shanye wajen rubu'in lita zuwa rabi.

In takardar ta fito da danshi, kada a ɗauko sifana. Filtar gwangwani ana iya gwada ta da hannu: in ta ƙara juyawa cikin sauƙi, dama ba ta kai ba, a cika mata juyinta. In ta ƙi motsi kuma tana yoyo, a kwance ta a duba robar da fuskar inji. In kuma man daga samanta yake gangarowa, a bi sawunsa. Na'urar fitilar mai galibi tana maƙwabtaka da filta kuma tana yoyo in ta tsufa, haka gaskit ɗin murfin saman inji da na gidan filtar kansa. A wanke wurin ya bushe, a barbaɗa farar hoda, a tayar da inji: inda hodar ta fara yin baƙi, daga nan man ke fitowa.